Bayan Seoul, Sai Ina: Gyeongju da Busan, Ko Tsibirin Jeju?

Duk wanda ya shirya ziyarar mako ɗaya ko kwana goma a Koriya ta Kudu, tun kafin ya ɗaure kayansa an riga an yanke masa rabin shawara, domin jirgin da zai ɗauko shi, ko ta Addis Ababa ya biyo ko ta Doha ko Dubai ko Istanbul, a filin Incheon zai sauke shi, Incheon kuwa ƙofar Seoul ce. Abin da ya rage masa shi ne ya san kwana nawa zai ba babban birnin, sauran kwanakin kuma ina zai kai su. A nan ne hanya take rabuwa biyu. Ɗaya ta bi layin dogo zuwa kudu maso gabas, inda tsohon birnin Gyeongju da birnin Busan na bakin teku suke maƙwabtaka da juna, ɗayar kuma ta jirgin sama ce zuwa tsibirin Jeju. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye sukan cusa duka biyun cikin mako guda, sai matafiyi ya ƙare da jan akwati tsakanin tasha da masauki, ya koma gida da hotuna rututu alhali bai zauna ko'ina ya dubi wuri cikin natsuwa ba. A ganina, wanda wannan ne zuwansa na farko, kuma kwanakinsa ba su kai goma ba, gara ya bi layin dogo ya bar Jeju sai wani jiƙon. Akwai dai mutanen da Jeju ce ta fi dacewa da su, kuma za a zo kansu.

Kafin nan sai an daidaita lissafin Seoul, don ita ce mai cin kwanaki. Kusan rabin mutanen ƙasar, waɗanda yawansu ya haura miliyan 51, suna zaune a birnin da kewayensa, kuma kwana uku cikakku shi ne mafi ƙarancin abin da zai ishi baƙo. Daular Joseon, wadda Sarki Taejo ya kafa a 1392 ta kuma yi mulki fiye da shekara 500, ta bar manyan fadoji biyar a tsakiyar birnin. Wanda ya ce sai ya zagaya dukkansu, daga ta uku idonsa zai daina rarrabe wannan soro da wancan. Biyu sun wadatar, wato Gyeongbokgung da Changdeokgung, kuma halinsu ya sha bamban ƙwarai.

Gyeongbokgung ita ce babba, ita ce kuma ta farko, an gina ta a 1395. Ta ƙone ƙurmus a lokacin da sojojin Japan suka mamayo ƙasar a 1592, ta zauna kufai kusan shekara 270, sai a 1867 aka sake tayar da ita. Da Japan ta mallaki Koriya tsakanin 1910 da 1945, sai ta rushe mafi yawan gine-ginen, ta dasa hedikwatar gwamnatin mulkin mallaka a gaban fadar, ginin da Koriyawa ba su fara rushewa ba sai a 1995. Saboda haka da yawa daga abin da ido ke gani a yau sabon aiki ne da aka yi bisa tsohon tsari. Duk da haka kasaitar wurin ba ta ɓoyuwa. A farfajiyar da ke gaban zauren gadon sarauta akwai layi biyu na gajerun duwatsu, kowanne an sassaƙa masa matakin muƙami daga na ɗaya zuwa na tara, ma'aikatan alƙalami a gabas, jami'an soja a yamma, kowa ya tsaya a gaban dutsensa. Wanda ya taɓa ganin zaman fada a ƙasar Hausa, inda kowane basarake ya san wurin zamansa ba sai an nuna masa ba, nan take zai gane abin da ake nufi. Duwatsun da aka shimfiɗa a ƙasa kuwa da gangan aka bar su da kaushi, don kada hasken rana ya kashe wa sarki ido, kada kuma santsi ya kwashe masu takalman fata. Har yanzu akwai zobban ƙarfe a kafe cikin dutsen, inda ake ɗaure igiyoyin rumfa ranar biki. Ana nuna sauyin masu gadi a ƙofar Gwanghwamun da ƙarfe goma na safe da ƙarfe biyu na rana, kuɗin shiga won 3,000 ne a kuɗin ƙasar, wanda kuma ya sa hanbok, tufafin gargajiyar ƙasar da ake bayarwa haya a shagunan da ke kewaye, kyauta yake shiga.

Changdeokgung, wadda aka gina a 1405, ba ta da wannan faɗi, amma ta fi tsufan gine-gine, kuma a cikinta ne sarakuna suka zauna mafi yawan shekarun da babbar fadar take kufai. Magina ba su baje tudu don su sami fili ba, sai suka bi yadda ƙasar take, shi ya sa hanyoyinta ke karkacewa, soraye suna ɓullowa daga bayan itatuwa. Wannan ne ya sa hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya a 1997. Lambun da ke bayanta, wanda ya cinye fiye da rabin filin fadar, ba a shiga sai da tikiti na daban a kuma lokutan da aka tsara, tikitin kuwa yakan ƙare da wuri a watan Oktoba da farkon Nuwamba. Idan ɗaya kawai za a gani, mai son tarihi na asali ya zaɓi Changdeokgung, mai tafe da yara ko mai son ganin taro da ganguna da tutoci ya zaɓi Gyeongbokgung. A lura cewa ana rufe Gyeongbokgung ranar Talata, Changdeokgung kuma ranar Litinin.

Tsakanin fadojin biyu akwai unguwar Bukchon mai tsofaffin gidaje masu rufin tayil, amma unguwa ce da mutane ke zaune a ciki, kuma hayaniyar baƙi ta ishe su har hukuma ta taƙaita ziyarar sashen da ya fi cunkoso daga ƙarfe goma na safe zuwa biyar na yamma, tare da tara ga wanda ya saɓa. Sa'a ɗaya ta isa. Babban gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Yongsan ya fi cancantar rabin yini, kuma ba a biyan ko kwabo a manyan zaurukansa. Ba nisa daga nan, a kan tudun Itaewon, akwai Babban Masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, hanyar da ke hawa zuwa gare shi kuma cike take da gidajen abincin halal na Turkawa da Larabawa da 'yan Pakistan da ma na Koriyawa kansu. Musulmin da ya tsara tafiyarsa yadda Juma'a za ta same shi a Seoul ya rage wa kansa wahala.

Kwana na huɗu yakan tafi ne a ziyarar yini ɗaya a wajen birni, a nan ma akwai zaɓi. Yankin da ya raba Koriya biyu tun yarjejeniyar tsagaita wuta ta 27 ga Yuli, 1953, mai tsawon kilomita 250 da faɗin kilomita 4, ba a shigarsa sai cikin tawagar da aka yi wa rajista, da fasfo a hannu. Za a kai baƙo ya leƙa Koriya ta Arewa ta madubin hangen nesa, a kuma saukar da shi cikin ramin da aka gano a 1978, wanda Arewa ta haƙa ta ƙarƙashin iyaka; gangaren yana da tsayi, rufin ramin kuma gajere ne, don haka mai ciwon gwiwa ko ciwon zuciya ya tsaya a sama. Sojoji suna iya soke ziyarar kowane lokaci idan zaman ɗar-ɗar ya ƙaru. Ganuwar Hwaseong da ke Suwon, wadda Sarki Jeongjo ya gina tsakanin 1794 da 1796 da tsawon kilomita 5.7, ba ta da wannan matsala: jirgin ƙasa na cikin gari yana kaiwa, mutum ya zagaya ta da ƙafa a lokacin da ya ga dama. Mai bin siyasar duniya ya tafi iyaka, sauran jama'a Suwon ta fi musu daɗi da araha.

To, yanzu sai ainihin zaɓin. Daga tashar Seoul, jirgin ƙasa na KTX mai gudun kilomita 300 a sa'a yana kaiwa Gyeongju cikin kimanin sa'a biyu. Tashar tana wajen gari, sai an ƙara tafiyar kusan rabin sa'a a bas, amma da zarar an shiga tsohon birnin ƙafa ko keken haya sun wadatar. Gyeongju ita ce hedikwatar daular Silla, wadda bisa tarihin gargajiya aka kafa a shekara ta 57 kafin Miladiyya, ta haɗe mafi yawan zirin Koriya a ƙarni na 7, ta kuma faɗi a 935. Birni guda ya riƙe sarauta kusan shekara dubu, abin da ba kasafai ake samu ba a tarihin duniya. Labarinsa ma ya kai ƙasashen Musulmi tun da daɗewa, domin masanin ƙasa Ibn Khurdadhbih ya rubuta a ƙarni na 9 cewa Silla ƙasa ce mai yawan zinariya, kuma Musulmin da ya shige ta yakan zauna saboda daɗinta.

Zinariyar da ya ambata tana nan, kuma yadda ta tsira shi ne abin da ya fi ɗaukar hankali a garin. A tsakiyar Gyeongju, tsakanin gidaje da shaguna, akwai manyan tuddai masu lulluɓe da ciyawa, wasu sun kai tsayin bene mai hawa shida ko bakwai. Kaburburan sarakuna da manyan fada ne. Fiye da ashirin daga cikinsu suna cikin dandalin Daereungwon, ɗaya kuma, wanda ake kira Cheonmachong, an tone shi a 1973 an bar shi a buɗe don baƙi su shiga su ga cikinsa. Mutanen Silla sukan gina ɗakin katako su sa gawa da dukiyarta, su tara duwatsun kogi masu ɗimbin yawa a kai, sannan su rufe da ƙasa. Idan katakon ya ruɓe sai duwatsun su rufta, ba ƙofa ba hanya, duk ɓarawon da ya haƙa rami kuwa duwatsu ne za su yi ta zubo masa. Shi ya sa aka samu kaya fiye da dubu goma sha ɗaya a wannan kabari kaɗai, ciki har da kambin zinariya da hoton doki mai tashi sama da aka zana a ɓawon itace, wanda daga gare shi kabarin ya samo suna. Kayan da ke cikin kabarin yanzu kwaikwayo ne. Kambin na gaske yana gidan tarihi na Gyeongju, inda kuma ake ganin kofunan gilashi da suka biyo hanyar fatauci daga yammacin Asiya, da ƙatuwar ƙararrawar tagulla mai nauyin kusan tan 19 da aka kammala ƙerawa a 771.

Tafiyar 'yan mintuna daga kaburburan akwai hasumiyar Cheomseongdae ta duban taurari, wadda aka gina a zamanin Sarauniya Seondeok da ta yi mulki daga 632 zuwa 647. Tsayinta mita tara ne kawai, kuma wanda ya zo da tsammanin wani gagarumin gini zai ɗan yi sanyin gwiwa. Darajarta a shekarunta take. Tafkin Wolji na 674 kuwa da dare ake zuwa, lokacin da aka kunna fitilu rumfunan suka bayyana a cikin ruwa. Yini na biyu na Bulguksa ne, haikalin addinin Buddha, tafiyar kusan minti arba'in a bas, wanda aka fara gina shi a siffarsa ta yanzu a 751 aka kammala a 774. Katakonsa ya sha ƙonewa ana sabuntawa, amma matakalan dutse da hasumiyoyi biyu na farfajiya na asali ne. Ɗaya daga cikinsu ita ce a jikin tsabar won goma, a cikin ɗayar kuma aka gano, a 1966, wata takarda da ke cikin mafi daɗewar abin da aka buga da hatimin katako a duniya. A can saman dutsen akwai kogon Seokguram mai mutum-mutumin Buddha na mita uku da rabi, wanda ake kallo ta bayan gilashi, ba a kuma ɗaukar hoto. Waɗannan wurare har yanzu ana ibada a cikinsu. Ba wanda zai nemi baƙo ya rusuna ko ya yi wani abu, illa ya cire takalmi idan zai shiga ɗaki ya kuma rage murya, wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba yana iya tsayawa a farfajiya, inda dama mafi kyawun aikin dutsen yake.

Raunin Gyeongju a fili yake: ƙaramin gari ne, da dare ba wata harka sosai in ban da titin Hwangnidan-gil mai shagunan shayi da tsaraba, abincin halal kuma sai an nema. Wannan ne ya sa haɗa ta da Busan ya zama dole, kuma tsakaninsu rabin sa'a ce kacal a KTX.

Busan, birni na biyu a ƙasar mai mutane kusan miliyan uku da dubu ɗari uku, a matse take tsakanin duwatsu da teku. Ita ce ta zama hedikwatar wucin gadi a yaƙin 1950 zuwa 1953, lokacin da 'yan gudun hijira suka cika ta suka yi ta kafa bukkoki a jikin tsaunuka. Unguwar Gamcheon, wadda hotunan gidajenta masu launi-launi suka cika intanet, daga wannan zamani ta samo asali, fenti da zane-zanen kuwa aikin farfaɗo da unguwa ne da aka fara a 2009. Tana da kyau a ido, amma cunkoson masu ɗaukar hoto ya yi mata yawa, ni kam na fi ba kasuwar kifi ta Jagalchi muhimmanci. A hawa na ƙasa mata ne galibi ke ciniki, sanye da takalman roba da safar hannu, ruwa na kwarara a ƙasa, kifi da kaguwa da jatan lande suna motsi a cikin tankuna. Mai saye ya nuna wanda yake so, a auna a yi ciniki, sannan a hau da shi bene inda ake gyarawa a kawo masa a tebur bayan ya biya wani ɗan kuɗin zama. Koriyawa sun fi son a yanka kifin a ci shi ɗanye da yaji, amma ana gasawa ko a yi miya ga wanda ya nema. Ga Musulmi wannan babban sauƙi ne, sai dai ya kiyayi abincin da garin ya fi shahara da shi, dwaeji-gukbap, domin romon naman alade ne da shinkafa.

Sauran abubuwan Busan na shaƙatawa ne: gaɓar Haeundae, gadar Gwangan mai tsawon kilomita 7.4 da ake haskawa da dare, da haikalin Haedong Yonggungsa da aka gina a kan duwatsun bakin teku. Akwai kuma wurin da tawagogin yawon buɗe ido sukan tsallake, wato maƙabartar Majalisar Ɗinkin Duniya, inda aka binne sojoji fiye da 2,300 na ƙasashen da suka yi yaƙin Koriya, 462 daga cikinsu Turkawa. Ta hannun limaman rundunar Turkiyya ne Musulunci ya sake shiga ƙasar a shekarun 1950, kuma Busan tana da masallacinta, Al-Fatah, tun 1980, kusa da tashar Dusil ta jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kuɗin KTX daga Busan zuwa Seoul kimanin won 60,000 ne, tafiyar kuwa sa'a biyu da rabi ko ɗan fiye.

Jeju wata duniya ce daban. Aman wuta ne ya haifi tsibirin, dutsen Hallasan mai tsayin mita 1,947, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Koriya ta Kudu, yana tsakiya, ƙananan tuddai kusan 360 suna kewaye da shi, gonaki kuma an shinge su da baƙin dutse mai huji-huji. A 2007 UNESCO ta sa Hallasan da ramukan kogo da narkakken dutse ya bari da kuma tudun Seongsan Ilchulbong cikin kayan gadon duniya na halitta. Ta fuskar kyawun wuri, babu abin da ke kan layin dogo da zai kamo ta. Seongsan Ilchulbong tudu ne mai kimanin mita 180 da ya ɓullo daga cikin teku, samansa kamar ƙwarya, ana hawa cikin rabin sa'a, a gindinsa kuma ana iya ganin haenyeo, matan da ke nitso har zurfin mita goma ba tare da tukunyar iska ba suna ciro abincin teku. Idan suka ɗago sukan saki numfashi da wani sauti mai kama da fito. UNESCO ta amince da wannan sana'a a matsayin al'adar da ta cancanci kariya a 2016, amma tana ƙarewa: daga mata sama da 14,000 a 1970 yanzu ba su kai 3,000 ba, galibinsu kuma sun haura shekara sittin. Tsibirin yana da nasa tabon tarihi, domin rikicin da ya ɓarke ranar 3 ga Afrilu, 1948, ya ci rayukan da binciken gwamnati ya ƙiyasta tsakanin 25,000 da 30,000, akwai kuma dandalin tunawa da su a gabashin birnin Jeju.

Matsalar Jeju ba rashin abin gani ba ce, yadda za a kai gare shi ne. Tashi daga filin Gimpo na Seoul bai wuce sa'a ɗaya da 'yan mintuna ba, kuma hanyar tana cikin waɗanda suka fi kowace yawan fasinja a duniya, don haka jirgi ba ya wuya. Amma tsibirin ya kai kilomita 73 daga gabas zuwa yamma, ba shi da jirgin ƙasa ko ɗaya, abubuwan kallon kuma a warwatse suke. Bas yana zuwa kusan ko'ina, sai dai yana cin lokaci, ta yadda wurare biyu ko uku su ne iyakar abin da za a gani a yini. Mafita ita ce hayar mota, wadda ke buƙatar lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa da Koriya ta amince da shi, ko kuma ɗaukar tasi na yini guda, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mutum ɗaya amma yana da sauƙi idan huɗu suka haɗa. Hawa Hallasan har ƙololuwa kuwa aikin yini guda ne cur. Hanyoyi biyu ne kaɗai ke kaiwa sama, Seongpanak mai kilomita 9.6 da Gwaneumsa mai 8.7, dukansu sai an yi rajista ta intanet tun kafin ranar, kuma akwai shingayen da idan mutum bai wuce su kafin wani lokaci ba za a mayar da shi. Bayan sa'a takwas ko tara na tafiya, gajimare yana iya rufe tafkin da ke saman dutsen a dawo ba a ga komai ba. Wanda ya ba Jeju kwana biyu, ɗaya zai tafi a filin jirgi da neman masauki, ɗayan kuma yana hannun iska da ruwan sama.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, saboda ya shafi masu karatu da yawa kai tsaye. Ana yawan tallata Jeju da cewa ana shigarta ba tare da biza ba har kwana talatin, kuma gaskiya ne tun 2002 akwai wannan tsari. Amma an ware wasu ƙasashe da tsarin bai shafa ba, kuma Najeriya da Ghana da Kamaru da Sudan suna cikinsu. Mai ɗauke da fasfon ɗayan waɗannan ƙasashe sai ya nemi biza kamar yadda zai nema don zuwa Seoul, kuma tunda jerin yana iya sauyawa, ofishin jakadancin Koriya a Abuja ko Accra shi ne wurin tambaya, ba dillalin da ke alƙawarin hanya mai sauƙi ba. Ta ɓangaren abinci ma Jeju ta fi sauran wahala, domin abin alfaharinta gasasshen naman baƙin alade ne, kuma romon alade yana shiga har cikin taliyar da ake sayarwa a ƙananan shaguna. Akwai kifi da lemun tanjarin a wadace, amma wurin salla da gidan abincin halal kaɗan ne, kusan duka a birnin Jeju da ke arewacin tsibirin.

Wa ya kamata ya zaɓi Jeju ke nan? Wanda tafiyar ƙafa ce ta kawo shi, domin hanyar Olle da aka fara shatawa a 2007 ta zagaye tsibirin da sassa 27 masu jimillar kilomita 437, kowane sashe tafiyar yini ɗaya ko ƙasa da haka a bakin teku da cikin gonaki. Haka nan sababbin ma'aurata da ke neman wurin hutu ba yawon gidajen tarihi ba, da iyalin da za su iya hayar mota su yi kwana huɗu, da wanda ya taɓa zuwa Koriya ya riga ya ga fadoji da kaburbura. Wanda kuwa dutse da daji kawai yake marmari, kuma kwanakinsa kaɗan ne, akwai hanyar da ta fi kusa: gandun Seoraksan da ke gabas, kusa da garin Sokcho, tafiyar sa'a biyu da rabi ko makamancin haka a bas daga Seoul. Ƙololuwarsa mita 1,708 ce, amma ba sai an hau ba, akwai keken da ke rataye a igiyar ƙarfe yana kai mutane saman wani ɓangare cikin 'yan mintuna, kuma a tsakiyar Oktoba, lokacin da ganyaye suka rikiɗe ja da ruwan ɗorawa, da wuya a sami wurin da ya fi shi a duk ƙasar.

Lokacin tafiya yana iya juya duk wannan lissafi. Daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu furannin ceri suna buɗewa, suna farawa daga Jeju da Busan su hau arewa, Gyeongju kuma tana cikin wuraren da suka fi kyau a wannan mako. Sai dai a lokacin ne ƙurar da iska ke kwasowa daga hamadar Sin da Mongoliya takan sa hazo, abin lura ga mai asma. Daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli damina ce mai nauyi da zafi mai gumi, a Agusta da Satumba kuma guguwar teku takan fara afka wa Jeju kafin ko'ina, a soke jirage a bar fasinjoji a filin jirgi. A irin waɗannan watanni layin dogo ya fi aminci. Hunturu kuwa ba na wasa ba ne: a Janairu sanyin Seoul yakan kai digiri goma ƙasa da sifili, yayin da Busan da Jeju suke da ɗan sauƙi. Oktoba ce watan da duk hanyoyin suke daidai, shi ya sa masauki yake tsada a cikinta. A guji ranakun bukukuwan Chuseok na kaka da Seollal na sabuwar shekarar wata, domin a lokacin ƙasar gaba ɗaya take komawa garuruwan iyaye, tikitin KTX yakan ƙare makonni kafin ranar.

Mai kwana takwas, ya ba Seoul huɗu har da ziyarar Suwon ko iyaka, Gyeongju biyu, Busan biyu, ya dawo ta jirgin ƙasa. Mai kwana goma sha biyu ba sai ya zaɓa ba, domin daga filin Gimhae na Busan zuwa Jeju tafiyar ba ta wuce sa'a ɗaya ba, daga Jeju kuma ya sauka Gimpo, inda jirgin ƙasa na filin jirgi ke kaiwa Incheon kai tsaye. Sai dai kada ya sa tashinsa daga Jeju a ranar da jirginsa na komawa gida zai tashi; ya dawo Seoul ya kwana tukuna, saboda iskar tsibirin tana iya hana jirage tashi yini guda, kamfanin da zai kai shi Afirka kuwa ba zai jira shi ba.